Tambaya: zaunar da ɗaliban Yahudawa da Falasɗinawa a aji ɗaya yana da amfani kuwa?

Malama daga Gwale:
Assalamu alaikum. Ni malamar tarihi ce a wata sakandare nan Kano. Na karanta cewa tsakanin Birnin Ƙudus da Tel Aviv akwai ƙauyen Wahat al-Salam, ko Neve Shalom, inda iyalan Yahudawa da na Falasɗinawa suke zaune tare. Makarantar sulhun da suka buɗe a 1979 har jami'o'i take kai kwas, a haɗa ɗaliban ɓangarorin biyu su yi ta tattauna rikicin tsawon zangon karatu. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Bayan abin da idonmu ya gani a Gaza, ta yaya wanda aka kashe wa dangi zai zauna da wanda bai daɗe da tuɓe kakin soja ba? Ilimi ne wannan, ko rufa wa zalunci asiri? Ina da dalilin tambaya: a ajina akwai 'yan cikin gari, akwai 'yan Sabon Gari, kuma da zarar na taɓo rikicin addini na 1991 ko na 2004 a nan Kano sai aji ya yi tsit.

Malam daga Rijiyar Zaki:
Wa alaikumus salam, Malama. Da farko ki lura, Falasɗinawan da ke irin wannan aji galibi masu takardar zama 'yan ƙasar Isra'ila ne, waɗanda su ne kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'arta. Ba ɗaliban Gaza ba ne. Tun firamare makarantunsu daban suke, waɗannan da Larabci, waɗancan da Ibrananci, don haka da yawa sai a jami'a suke fara zama kusa da juna.

Tun 1954 Gordon Allport, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, ya nuna cewa cuɗanya tana rage ƙiyayya ne idan matsayi ɗaya ne, ana da buri ɗaya, kuma hukuma na mara baya. To a can matsayin ba ɗaya ba ne. Shi ya sa makarantar da kika ambata ba ta tsaya ga a ci abinci tare a yi dariya a watse ba. Kowa yana shiga ne a matsayin ɗan al'ummarsa. Masu jagoranci biyu ne, Bayahude da Bafalasɗine, kuma akan ware lokaci kowane ɓangare ya keɓe ya yi magana da harshensa. Ko zaɓen harshe darasi ne: kusan duk Bafalasɗinen da ke wurin yana jin Ibrananci, Yahudawan kuwa kaɗan ne ke jin Larabci. Nan take ake ganin wa ke sama, kuma a kansa ake tsayawa a yi maganar.

Ɗan Fagge:
Malam, ka yi haƙuri, ban gamsu ba. Bayan yarjejeniyar Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa a 1993 an zuba kuɗi a irin waɗannan tarurruka, har da sansanin matasa da ke jihar Maine ta Amurka. Me ya biyo baya? Matsugunan Yahudawa a Yammacin Kogin Jordan ƙaruwa suka yi. Falasɗinawa da yawa ƙin zuwa suke yi, suna cewa zaman yana sa mamaya ta zama kamar ba komai ba. Ko a ƙofar mai unguwa, ba a cewa ku yafe wa juna alhali gonar na hannun wanda ya ƙwace.

Hajiya daga Kabuga:
Ɗana, gaskiya ka faɗa, aji ba ya mayar da ƙasa, kuma ba aikinsa ba ne. Amma ke 'yata, ga abin da zai yi miki amfani. Farfesa Sami Adwan na Jami'ar Baitalahmi da marigayi Farfesa Dan Bar-On na Jami'ar Ben-Gurion sun tara malaman tarihi daga ɓangarorin biyu suka rubuta littafin makaranta. A kowane shafi, labarin Isra'ilawa yana gefe ɗaya, na Falasɗinawa yana ɗaya gefen, tsakiya kuwa an bar fili ɗalibi ya rubuta nasa. Shekarar 1948 a wannan gefe samun 'yanci ce, a wancan kuwa Nakba, lokacin da Falasɗinawa sama da 700,000 suka rasa gidajensu. Ba a ce wa yaro ya yarda da na ɗaya gefen ba, an dai hana shi cewa bai taɓa ji ba. Kada kuma ki manta da Kaduna: Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun yaƙi juna a 1992, Wuye har hannu ya rasa, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare.

Malama daga Gwale:
Na gode ƙwarai, Hajiya, Allah ya ƙara girma. A kan Falasɗinu har yanzu zuciyata tana tare da Ɗan Fagge. Amma shafin nan mai fili a tsakiya zan gwada shi, kowane yaro ya tambayi iyayensa abin da suka gani a 2004 ya rubuto ba tare da sa suna ba. Damuwata ɗaya, Malam: 'yan Sabon Gari su ne marasa rinjaye a ajin, ni kuma Bahaushiya ce Musulma. In nemi wata malama Kirista mu tsaya gaban ajin tare, ko in fara sanar da shugaban makaranta da iyaye tukuna?