Watannin shirya dokin dogon zango: horo, atisaye ko kilisa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin barga a nan Saudiyya. Kalma guda nake nema. Tseren da Larabawa ke kira ƙudra wat-tahammul, irin na kilomita 120 da ake yi a Al'ula, mun saba ce masa tseren dogon zango, kuma sunan ya zauna. Amma watannin da ake ɗauka ana gina jikin doki kafin ranar, abin da suke cewa liyaƙa, har yau ba mu tsayar masa da suna ba. Wani ya ce horo, wani ya ce atisaye.

Ga abin da ya sa na damu. Makon jiya a bayan Ta'if aka ce wa wani yaro sabon zuwa ya je ya ba goɗiya horo. Ya sake ta da gudu a gangaren dutse. Da yamma na shafa bayan ƙwaurinta na gaba, na ji zafi rau, jijiya ta tasa. Ban ga laifin yaron ba. A kunnensa horo gasa wa dabba wuya ne.

Amsa daga Madina: Ɗana, me ya hana ka cewa kilisa? Da ita muka taso. Ana fitar da doki da sassafe ya miƙe ƙafa, ba a kai shi ga gajiya. Wanda aka ce ya je kilisa ba zai dawo da doki cikin kumfa ba.

Daga Jidda: Baba, Allah ya ƙara girma, a gafarce ni. Kilisa a wurin yaran yanzu yawon shan iska ce. Wannan kuwa aiki ne mai lissafi. A tseren, likita ba ya barin doki ya ci gaba sai bugun zuciyarsa ya sauko zuwa 64 a minti, kuma in ya ga ɗingishi an fitar da shi ke nan. Ni na fi son atisaye.

Ni mai tambaya: Na gode, Yaya, amma atisaye soja yake kawo min a rai, da hanzari, kuma hanzarin ne ke cinye mana dawaki a gangara. Ko a tsaye doki yake, wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa a ƙafafun gaba yake. In ya fuskanci gangara sai nauyin ya ƙaru a kansu, ga na mahayi, kowane taku birki ne. Zuciya da huhu kan yi ƙarfi cikin 'yan makonni, jijiya da ƙashi kuwa sai an kwashe watanni masu yawa. Shi ya sa doki ke ruɗar mutum: numfashi lafiya lau, yana jan linzami yana neman gudu, alhali ƙafar ba ta yi ƙwari ba tukuna. Hawa tudu ne ke gina shi. Saukowa a yi ta da tafiya, a miƙe sosai ba a karkace ba, a sassauta linzami ya ga inda zai sa kofato, mahayi ya daidaita zamansa kada ya kife a wuyan doki. A duba majayi tun a sama don kada sirdi ya zame kan kafaɗa. In wurin ya yi tsanani ko tsakuwa na gangarowa, a sauka a ja shi da ragama. Ni haka nake yi, ko wa ke kallo.

Daga Madina: To ku haɗa mana. Kilisar juriya. Kilisa ta riƙe sannu-sannun, juriya ta faɗi abin da ake nema.

Daga Jidda: Na yarda, Baba. Ta fi daɗin faɗa ma.

Ni ma na karɓa. Gobe in sha Allahu zan rubuta ta a allon barga: kilisar juriya, tudu da sassarfa, gangara da tafiya. Goɗiyar tana turke, ana zuba wa ƙafar ruwan sanyi safe da yamma, muna jiran likita ya sake duba ta ranar Lahadi.