Kuɗin Kwalbati Ya Zama Sirri: Yadda Aka Kwashe a Zauren 'Yan Unguwa

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cikina, mai jin haushi ya ji. Kun san kwalbatin bakin layinmu a Tudun Wada, wanda aka fara bara, aka kafa rodi aka watse aka bar shi baki buɗe. Ruwan da aka yi kwanan baya har cikin zaurena ya shigo, buhu biyu na masara sun jiƙe. Na rubuta wa hukumar da sunanta ke jikin allon kwangilar, abu uku kacal na tambaya: nawa aka ba da aikin, wa aka ba, nawa aka biya shi zuwa yau. Yarinyar da ke karɓar wasiƙu ta buga mini hatimi a kwafina, ta sa hannu da kwanan wata. Sawu huɗu na yi. Na farko, oga ya tafi Abuja. Na biyu, fayil na kan teburin oga. Na uku, masinja ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, kai ɗan jarida ne?" Na huɗu aka miƙo mini takarda mai layi biyu, wai bayanan sirri ne. Kuɗin kwalbati fa! To ni tambayata, in hukuma ta hana ka, wa zai duba ko hanin nan yana kan ka'ida? Ita ta hana, ita kuma za ka koma wa da kuka? An ba kura ajiyar nama kenan. Wallahi ƙasar nan na buƙatar wata hukuma mai zaman kanta da talaka zai kai mata irin wannan ƙara ba sai ya ɗauki lauya ba.

Ɗan Kawo: Mai zaman kanta? Baba, wace hukuma ka taɓa gani mai zaman kanta a Najeriya? INEC ma sunanta kenan, hukumar zaɓe mai zaman kanta, amma shugaban ƙasa ke zaɓo shugabanta, Majalisar Dattawa ta ce ya rusuna ya wuce.

Barista: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya mayar da alheri. Ina son in san abu ɗaya kafin komai: kwana nawa yau da ba ka takardar nan mai layi biyu?

Sarkin Raha: Mu dai a Hausar da muka taso muka ji, in an ce "mai zaman kanta" ba hukuma ake nufi ba. Ku tambayi tsofaffin direbobin tashar Kawo.

Hajiya Mai Atamfa: A'uzu billahi. Kai yaron nan ba ka da kunya? Iyayenka na cikin zauren nan kake sako irin wannan zance? Admin, a goge.

Sarkin Raha: Hajiya, ni me na ce? Fassara kawai na gyara.

Hajiya Mai Atamfa: Ka gyara wa uwarka a gida. Kuma in ka san haka, to ka sani mata da yawa da kuke laƙaba wa sunan nan zawarawa ne masu sana'arsu, babu abin da suka yi sai rashin miji. Bakinku ne ya ɓata kalmar.

Malam na Rigasa: Hajiya ta yi gaskiya, a kiyaye harshe. Amma ni ma kalmar ba ta kwanta mini ba ta wata fuskar. Babu mai zaman kansa sai Allah. Kowace hukuma akwai mai naɗa ta, akwai mai biyan albashinta. A ce "mai cin gashin kanta" ya fi.

Ɗan Kawo: Malam, cin gashin kai ai shi muke ta nema wa ƙananan hukumomi shekara da shekaru, har Kotun Ƙoli ta yi hukunci a 2024, ka ga sun gasa ko tsinke ɗaya sun ci?

Akawu Mai Ritaya (Admin): A bar zancen gashi. Baban Ummi, ni na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, ka ji daga bakin wanda ya riƙe fayil. Ranar da aka ɗauke mu aiki an sa mu rantsuwar riƙe sirri. Akwai dokar sirrin gwamnati tun 1962. Ƙaramin ma'aikaci ya ɗauko takardar kwangila ya miƙa wa duk wanda ya shigo daga titi, gobe shi za a ba takardar tuhuma, kai kana gida kana shan fura. Kuma dokar nan ta 'yancin samun bayanai da kuke tinƙaho da ita ta tarayya ce, ba ta hau kan jiha ba.

Barista: Yallaɓai, da girmamawa, zancen nan ya tsufa. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, ta ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta shafi jihohi ma. Batun rantsuwa kuwa, dokar da kanta ta kare ma'aikacin da ya ba da bayani da kyakkyawar niyya, kuma ta ce don an buga wa takarda tambarin sirri, wannan kaɗai bai isa a hana ta ba. Ga yadda take: ka nema a rubuce, ba sai ka faɗi dalilinka ba, balle a tambaye ka ko kai ɗan jarida ne. Kwana 7 gare su su amsa, suna iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa. In za su hana, dole su rubuta dalili, su ambaci sashen dokar da suka dogara da shi, su kuma sanar da kai kana da damar zuwa kotu. In sun yi shiru har wa'adi ya wuce, doka ta ɗauka sun hana. Kalmar "sirri" tsirararta ba dalili ba ce. Kuɗin da hukuma ta karɓa da wanda ta kashe ma yana cikin abin da aka ce ta riƙa wallafawa tun kafin a tambaya. Baba, na sake tambaya, kwana nawa?

Jagoran Matasa: To ku gode wa PDP. Jonathan ne ya sa wa dokar nan hannu ranar 28 ga Mayun 2011. Su waɗannan na yanzu da a hannunsu ta faɗo, da tuni ɓera ya cinye ta a durowa.

Ɗan Kawo: Kai kuma ka fara. Obasanjo da majalisa ta kai wa ƙudirin a 2007 ya ƙi sa hannu har ya sauka, ɗan wace jam'iyya ne? Ɗan NEPU?

Jagoran Matasa: Ko ma dai mene ne, mu muka kawo ta.

Na Gwamna: Ku kawo ta, mu muka yi aiki da ita. Kaduna ce jihar farko a Najeriya da ta shiga shirin nan na duniya na buɗaɗɗiyar gwamnati a 2018. Ga manhajar Eyes and Ears, ka ɗauki hoton aikin da aka yi watsi da shi ka tura. Baban Ummi ya tura? Bai tura ba, sai zuwa nan a ɓata wa gwamnati suna. Kuma wa ya ce ma aikin jiha ne? Wataƙila aikin mazaɓa ne na wani ɗan majalisar tarayya.

Baban Ummi: Ɗana, ni ban kira sunan kowa ba. Hoton ramin kowa na da shi a wayarsa, har akuyar maƙwabcina da ta faɗa ciki an ɗauka. Lissafin kuɗin nake nema.

Ɗan Kawo: Tunda zancen zaman kai ake, Na Gwamna, hukumar zaɓen jiharmu ma akwai "mai zaman kanta" a sunanta. Zaɓen 2024, ƙananan hukumomi 23, jam'iyya ɗaya ta kwashe duka. Ka fassara mana.

Na Gwamna: Jama'a ne suka zaɓa. Ku da kuka kasa tsayar da wakilai a rumfuna.

Jagoran Matasa: Wace jama'a? Ni a rumfarmu har azahar ba mu ga takardar sakamako ba.

Na Gwamna: Kawo hujja.

Jagoran Matasa: Wani abokina ya tura mini bidiyo, in na nemo zan saka.

Ɗaliba a Accra: Salamu alaikum iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Abin da Baba ke nema ba mafarki ba ne, a nan Ghana akwai shi. Dokarsu ta 2019 ce, ta zo bayan tamu da shekara takwas, amma sun kafa hukuma ta musamman. In an hana ka, ka fara neman shugaban ma'aikatar ya sake dubawa, in bai gamsar da kai ba ka wuce hukumar, tana da ikon ta ce a ba ka, har tara takan ci ma'aikatu. Kenya ta ɗora aikin kan ofishinta na sauraron koke-koke tun 2016. A Afirka ta Kudu ma akwai mai sa ido na daban. A Ingila ma akwai ofishi na musamman, ka kai ƙorafi kyauta, in hukuncinsa bai yi maka ba sannan a tafi gaban alƙalai. Mu tamu dokar daga ofishin da ya hana ka sai kotu, babu matakala a tsakani.

Sarkin Raha: Su Ghana ɗin da ko dafa jollof ba su iya ba?

Ɗaliba a Accra: Yaya, ka taɓa ci?

Sarkin Raha: Ba sai na ci ba, a hoto ma an san wadda ta ji tumatir.

Akawu Mai Ritaya (Admin): 'Yata, karatu daban, aiki daban. Muna da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tun 1975, zamanin Murtala, tana da ofis a kowace jiha. Muna da Antoni Janar da dokar ta ba shi sa ido. Hukumomi sun yi mana yawa, har kwamitin Oronsaye aka kafa don a rage su. A ƙaro wata, a sayo mata motoci, a ba 'ya'yan manya aiki, shi kenan.

Barista: Yallaɓai, a nan kam akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, tsoron motoci da alawus ba ƙarya ba ne. Amma duba: hukumar koke-koke galibi shawara take bayarwa, ba umarni ba. Antoni Janar kuwa rahoto ma'aikatu ke aika masa duk shekara kafin 1 ga Fabrairu, shi kuma ya kai wa majalisa, kuma shi ne babban lauyan gwamnatin da ake ƙara. Saura kotu. A takarda kotun tana da kyau: hukuma ce za ta tabbatar da cewa hanin ta daidai ne, ba mai nema ba, alƙali na iya karɓar takardun ya duba da idonsa, kuma akwai tarar naira 500,000 kan hanin da ba bisa ka'ida ba. Amma wa zai biya lauya da kuɗin shigar da ƙara saboda kwalbati? Shi ya sa za ka ga yawanci ƙungiyoyi irin su SERAP da Media Rights Agenda ke kai irin waɗannan ƙararraki. Kuma kafin a gama ɗage zama, damina biyu ta wuce ta zauren Baba.

Malam na Rigasa: Barista, har yanzu ba ka amsa ba. Mai zaman kanta ko mai cin gashin kanta?

Barista: Malam, ku kira ta Ladi ma in kun so. Abin dubawa shi ne wa ke naɗa shugabanta, wa zai iya cire shi, daga ina kuɗinta ke fitowa, kuma in ta ce a bayar, dole ne ko ganin dama.

Hajiya Mai Atamfa: Sunan ƙanwata Ladi. A nemi wani.

Ɗan Kawo: Ni dai na faɗa, duk wanda gwamnati ke biya, yaronta ne. Alƙalan ma wa ke biyansu?

Na Gwamna: To ka koma Nijar mana.

Ɗan Kawo: Kakana a Kawo aka binne shi. Kai da aka kawo ka Kaduna a bayan motar itace za ka kore ni?

Hajiya Mai Atamfa: Admin! Kana ina ne wai?

Akawu Mai Ritaya (Admin): Ya isa haka. Zan taƙaita, sannan in rufe zauren zuwa bayan isha'i. Abin da aka tattauna: Baban Ummi ya kawo koke, kuma mun jajanta masa kan masararsa. Mafi yawan masu magana sun nuna cewa babu wata hukuma mai zaman kanta, don haka ƙirƙiro sabuwa ɓarnar kuɗi ce, kuma shi kansa Barista ya yarda da ni a kan wannan. An tabbatar cewa ƙananan ma'aikata na aiki ne bisa rantsuwa, bai kamata a riƙa ganin laifinsu ba. Abin da 'yarmu ta kawo daga Ghana tsarin wata ƙasa ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. An yaba wa jiharmu kan buɗaɗɗiyar gwamnati. Shawarar zaure ita ce Baban Ummi ya bi ta hannun mai unguwa, ya yi haƙuri, ya koma ofishin cikin ladabi. An ja kunnen Sarkin Raha da Ɗan Kawo.

Jagoran Matasa: Na Gwamna fa? Shi ba a ja nasa kunnen ba?

Barista: Yallaɓai, ban yarda da kai a kan haka ba, motoci kawai na ce. Kafin ka rufe: Baba, don Allah, kwana 30 doka ta ba ka ka shigar da ƙara daga ranar da aka hana ka, in ya wuce sai ka roƙi kotu ta ƙara maka lokaci. Kwana nawa yau?

Baban Ummi: Yi haƙuri Barista, na je sallah. Na duba takardar, yau kwana 26. Hatimin ya ɗan jiƙe amma ana ganin kwanan watan. In kawo maka ofis gobe ko gida?

Admin ya sauya saitin zauren: masu gudanarwa kaɗai ke iya tura saƙo.