Manoman Ingila na da: 'ya'ya ne ko bayi?

Auta: Ni dai ina nan kan bakata. Wiliyam, mai mulkin Nomandi a Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya raba ƙasar ga manyan mayaƙansa. Duk mai noma a ƙarƙashin ubangida bawa ne, ko me aka kira shi.

Malamin tarihi: A'a Auta, ka haɗa su a buhu ɗaya. Ƙidayar da Wiliyam ya sa aka yi a 1086 ta ware bayi daban, manoman da ke ɗaure da gona daban, 'yantattu daban. 'Yantattun sun fi yawa a gabas, wajen Linkon da Nofok, inda mutanen Denmak suka taɓa zama.

Auta: To Malam, ba biyan ubangida suke yi ba?

Barista: Suna biya, ƙanena, amma abin da aka yanke ne, ba ya hawa don ubangida ya tashi da fushi. Wani kuɗi ne, wani barkono ko safar hannu kawai zai kai sau ɗaya a shekara. Shi kuwa ɗaurarren manomi, kowane mako sai ya yi kwanaki a gonar ubangida, ko 'yarsa zai aurar sai ya biya. Babban bambancin kotu ne. Tun zamanin Sarki Henri na Biyu, in aka ƙwace wa ɗa, wato 'yantacce, gonarsa yana iya kai ƙara kotun sarki, ko da ubangidansa ne ya ƙwace. Ɗaurarre ba shi da wannan ƙofar.

Hajiya: Barista, kuna kallon takarda, ni ina kallon rumbu. Akwai 'yantacce mai ɗan fegi da bai kai ya ciyar da gida ba, ga maƙwabcinsa ɗaurarre da gona mai faɗi da shanun huɗa. Wa ya fi kwana da yunwa?

Barista: Wannan kam gaskiya ce, Hajiya. Amma ɗa in ya ga dama ya tashi. Dokar 1290 ma ta ba shi damar sayar da gonar ba tare da izinin ubangida ba, mai saye ya ɗauki nauyin biyan.

Auta: In ya mutu fa?

Malamin tarihi: Magaji ya biya ubangida kuɗin gonar na shekara guda ya karɓa. In babu magaji, ta koma hannun ubangida.

Auta: Yauwa! Ashe dai gonar da mai ita.

Hajiya: Gona ka ce yanzu, ɗazu kuwa mutum ka ce bawa ne. Zaɓi ɗaya.