Tashe wasan kwaikwayo ne ko a'a?

Ɗan Rigasa:
Salamu alaikum. Jiya wani ɗalibina ya ce tashe ba wasan kwaikwayo ba ne, wai sai abin da aka rubuta aka hau dandamali da shi. Maganar ta tsaya mini a rai.

Azumi ya kai goma, ga yara a kan hanya,
Gemun auduga, rawani, allo da tsumagiya,
Yaro ya zama malam, muna kallo muna dariya,
In wannan ba wasa ba ne, a faɗa mini gaskiya.

Baban Kawo:
Ɗana, ka ɗauko zance amma babu tsari,
Wasa sai da rubutu, da gwaji, da shiri,
Shu'aibu Maƙarfi alƙalami ya riƙe tun da wuri,
Naka na yara, ƙarshensa a ba su gero ko gari.

Hajiyar Tudun Wada:
Baba, da girmanka, amma ba zan yi shiru ba,
Samanja a rediyo mun ji shi, ba mu ga dandamali ba,
Wasan gauta a fada ba a takarda aka koya ba,
Ka rena gari, ai ɗan wasa bai taɓa ƙin lada ba.

Ɗan Rigasa:
Allah ya ja kwana, Anti! Kin gama magana.

Na Unguwar Sarki:
Wace magana aka gama? Ku dai kun haɗa kai ne. Baba ya kalli wasannin kwaikwayon Kasimu Yero tun ba a yaye ku ba.

Hawan daba na 1977 a nan Kaduna,
Dawakai da lifidi, algaita na tashi a rana,
Baƙin bikin al'adu na FESTAC sun kalla har sun rasa ta magana,
In kallo ne ma'auni, shi ya cancanci suna.

Ɗan Rigasa:
Yaya, sarkin da ya hau, sarki ne tun daga gida,
Ya sauka da sarautarsa ya koma fada,
Yaron tashe kuwa, ni da shi mun yi yarda,
Malam ne yanzu, anjima ɗan maƙwabta ne mai tallan gyaɗa.

Malam Mai Aruli:
Dakata, ɗan Rigasa. Ɗangon ƙarshe, wato layin ƙarshe na baitinka, ya fi 'yan'uwansa tsawo, ya fice daga kari. Sannan "fada" da "gyaɗa" ba amsa-amo ɗaya ba ne, d daban, ɗ daban. Kai kuma na Unguwar Sarki, rera mini 1977 in ji gaɓa nawa ce.

Hajiyar Tudun Wada:
Malam, kunne ke cin waƙa, ba ma'auni ba.

Malam Mai Aruli:
Kunnen ne ya ji ɗingishin, Hajiya.

Mai gini in ya ƙi igiya, bangonsa zai karkace,
Mai waƙa in ya ƙi awo, baitinsa zai lalace.

Na Unguwar Sarki:
Naka ɗangon farko ma ka ƙirga shi, Malam.

Autar Badarawa:
Ku gafarce ni iyayena, sai yanzu na samu caji. Wannan da idona na gani.

Gidan makoki na je, wani babba ya iso,
Idonsa ƙamas, har mai ɗaukar hoto ya ƙaraso,
Nan ya ɓarke da kuka, har da faɗuwa a kan buzu,
Marayun suka gaskata, ba su san shiri ba ne har yanzu.

Yaron tashe bai ɓoye mana audugarsa ba. Wannan kuwa ya ɓoye, shi ya sa ban kira nasa wasan kwaikwayo ba, yaudara ce. Har yau abin na ci mini rai.

Baban Kawo:
'Yata, wannan na karɓa. Amma ɗan Rigasa, in yarda ce ma'auninka, ina ka ajiye bori? 'Yan kallo sun kewaye, ga garaya, ga sutura, mai hawan kuma ba zai ce maka kwaikwayo yake ba. Ina jiran baitinka bayan isha'i.

Malam Mai Aruli:
Auta ta sauya amsa-amo a tsakiyar baiti, daga "so" zuwa "zu". A gyara.