Muhawara: Shin tsarin matakai 12 ya dace da wanda ya tuba daga shaye-shaye?

Malam Habu, Agege: Assalamu alaikum. Tun da aka kawo shawarar mu buɗe zaman mako-mako ga matasanmu da suka bar ƙwaya, bisa tsarin matakai 12 da masu fama da shaye-shaye ke bi a ƙungiyance don taimakon juna su daina, raina bai kwanta ba. A Amurka aka kafa tsarin a 1935, a garin Akron na jihar Ohio, kuma Bill Wilson da Dakta Bob Smith sun ɗauko tushensa ne daga wata ƙungiyar Kirista mai suna Oxford Group. Amma ba asalin ne ya fi damuna ba. Mataki na 5 yana so mutum ya faɗa wa wani ɗan'adam ainihin laifukansa, alhali ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ana yi wa al'ummar nan afuwa ban da masu bayyana saɓonsu. Sannan ana koya wa yaro ya ci gaba da kiran kansa ɗan ƙwaya ko ya shekara goma bai sha ba. A ganina wannan ya ci karo da tuba, domin wanda Allah ya suturta bai kamata ya yaye suturar da hannunsa ba.

Hajiya Rabi, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ku bar ni in faɗi abin da muke gani a cikin gida. Ɗan yayata ya tuba tsakaninsa da Allah, da kuka da rantsuwa, kuma ban taɓa shakkar gaskiyarsa ba, sai dai da ya koma cikin abokan aikinsa ya ga suna haɗiyar taramol kafin su fara dako, sai ya koma ruwa. Mun rufa masa asiri har rufin ya zama shi ne abin da ke cinye shi. Da abin ya fi ƙarfinmu, dangi suka ce a kai shi gidan mari a Arewa, ni kuwa na ƙi, saboda ban manta da ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, wasu da sarƙa a ƙafa. Idan zaman magana zai hana yaro shiga irin wannan wuri, ina goyon baya.

Dakta Bello, Yaba: Malam da Hajiya, ku ba ni dama in raba abu biyu. Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ta yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda, kuma asibitocinmu ba za su iya riƙe ko kaɗan daga cikinsu na tsawon shekaru ba, saboda haka dole a samu abin da zai riƙe mutum bayan an sallame shi. A 2020 masanan Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, sun tattara nazarce-nazarce 27, suka samu cewa tsarin matakan ya kai sauran hanyoyin nasiha da masana ke bi, a wasu lokutan ma ya fi su, wajen sa mutum ya daina kwata-kwata. Sai dai wannan hujja a kan giya take, kuma kada mu ɗora ta kai tsaye a kan kodin da taramol. Abu na biyu ya fi muhimmanci: wanda jikinsa ya saba da giya ko ƙwayoyin barci, idan ya yanke su farat ɗaya, yana iya samun jijjiga har ta kai ga rasa rai. Irin wannan sai ya fara da asibiti, kamar Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke nan Yaba, zaman matakai ya biyo baya.

Aminu, Mile 12: Baba Malam, ni ina zuwa irin wannan zama, kuma ba kamar yadda ake zato ba ne. Ba a tsayar da kowa a gaban jama'a ya lissafa zunubansa. Mataki na 5 da mutum ɗaya ake yin sa, wanda kai ka zaɓa, kuma niyyar neman mafita ce, ba alfahari ba. Wanda ya fi yi mini nauyi shi ne na 9, inda za ka mayar wa mutane haƙƙinsu, sai fa idan yin hakan zai cutar da su. Na je na biya wani mai tumatir kuɗin da na ci masa, kuma ku malamai ku ne kuka koya mana cewa tuba ba ta cika sai da mayar da haƙƙi. Da nake cewa ni mai fama da ƙwaya ne, ba ina nufin Allah bai gafarta mini ba. Ina tuna wa kaina ne cewa ƙwaya ɗaya ta isa ta mayar da ni inda na fito.

Malam Habu, Agege: Aminu, Allah ya tabbatar da kai. Faɗa wa amintacce ɗaya domin neman shawara daban yake da yayata saɓo, a nan na yarda da kai. Amma sunan nan na ɗan ƙwaya har yanzu ban gamsu da shi ba, kuma ba zan kira yaron da ya tuba da shi ba. Musulmin birnin Baltimore na Amurka sun kafa ƙungiyar Millati Islami a 1989, suka sake tsara matakan bisa Alƙur'ani da Sunna. Idan har za mu yi, daga nan ya kamata mu fara dubawa.

Hajiya Rabi, Idi-Araba: Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Tsarin ya dogara ne da ɓoye sunan mahalarta, mu kuwa a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago kowa ya san gidan kowa har garin da ya fito. Ranar da aka zo binciken aure, wanda ya zauna kusa da yaro a zaman shi za a fara tambaya. Mata kuma ba za su shiga ɗaki ɗaya da maza su faɗi cewa suna shan kodin ba. Malam, kafin a tsayar da rana, ina so a gaya mana a ina za a yi zaman, kuma wa zai jagoranci na mata.