Abin da aka tattauna kan dashen haƙori

Jama'a, ga abin da na tsinto daga zancenmu na 'yan Gombe:

1. Kowa ya yarda ba aikin rana ɗaya ba ne. Ƙarfen titaniyam ake dasawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira wata 3 zuwa 6 ya kama, sannan a ɗora haƙorin.

2. Mai ciwon suga ya fara daidaita sugansa. Mai shan taba ya daina, domin tana hana wurin warkewa. Wannan ya dame ni, don iyayenmu da yawa na fama da suga.

3. Kan tsada aka rabu. Wasu sun ce haƙorin roba ya wadatar, wasu suka ce yana motsi, ko tsire ba ya ciyuwa da shi.

4. A ga likitan haƙori, a ɗauki hoton ƙashi tukuna.