Ƙofar gida ta datse wa 'yata yatsa, in kwance ƙarfen da ke rufe ta?

Baban Amira, Manchester:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Wata biyar ke nan da iyalina suka iso, muka kama haya a hawa na biyar na wani bene mai hawa bakwai. Ƙofar shiga gidanmu ta katako ce amma nauyi gare ta kamar ta shagon gwal, kuma a samanta akwai wani ƙarfe mai gwiwar hannu da ke janyo ta. Da ka saki sai ka ji garam, har maƙwabta su sani ka dawo. Shekaranjiya ta kama yatsan Amira, shekararta uku. Mun je asibiti, ƙashi bai taɓu ba alhamdu lillahi, amma farcen ya yi baƙi. Uwar ta ce ko ƙarfen nan ya bar gidan ko ita ta bari. Na duba, sukurori ne 'yan kaɗan, minti biyar na sauke shi.

Abin da ya sa na dakata, makon jiya masu kula da ginin sun zura mana takarda wai za su zo duba ƙofa, kuma kada kowa ya taɓa abin da ke rufe ta. To ni da na biya kuɗin haya, ƙofar ɗakina ma sai an zo an duba? Sannan aikin dare nake yi, uwargida tana jin tsoro, tana so in sa mata sakata biyu da ƙofar ƙarfe ta waje irin wadda muke da ita a Kano. Me kuka gani?

Maman Walid, Leeds:
Wa alaikumus salam. Ayya, Allah ya ba Amira lafiya, a gaishe da mamanta da jiki. Amma don Allah kada ku cire. Ni ma farkon zuwana takalmin maigidan nake sa wa in tokare tamu idan na sa turaren wuta, don kada ƙararrawar hayaƙi ta tara min jama'a. Wata rana mai kula da gini ya hau ya gani, washegari sai ga takardar gargaɗi. Na yi ta masifa, na ce an raina mu ne. Sai daga baya na gane abin da ake gudu. Yanzu taga nake buɗewa, garwashin ma ɗan mitsitsi.

Ɗan Zazzau:
Malam, sauke abinka ka ajiye a durowa. Ranar da za su zo ka mayar, in sun tafi ka sake cirewa. Yatsan 'yarka ya fi takardarsu. Turawan nan komai sai sun yi masa doka, har numfashi.

Injiniya, Landan:
Ɗan Zazzau, wannan shawarar taka gudun gara ce a faɗa gidan zago. Baban Amira, ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don aikin gine-gine nake yi a nan.

Nauyin da kake ji ba na banza ba ne. Ƙofar tare gobara ce. Irin wadda ake sa wa a bakin gidajen bene ana kiranta FD30, wato an gwada ta a wuta ta jure minti 30, kaurinta wajen milimita 44. Akwai FD60 mai jure awa guda, ta fi kauri. Idan ka ga an ƙara harafin S a ƙarshe, to har hayaƙi take tarewa. Ka hau kujera ka leƙa saman bakinta, sau da yawa akwai takardar shaida a manne, wasu kuma ɗan toshi mai launi ne a gefen hinji.

Dabarar ginin ita ce kowane gida akwati ne mai zaman kansa. Idan wuta ta tashi a kicin ɗin wani, bango da ƙofa su riƙe ta a ciki har 'yan kwana-kwana su iso, matakala kuma ta zauna babu hayaƙi. To ka duba yadda mutum ke fita daga gidan da ya kama da wuta: da gudu, yaro a kafaɗa, babu ko takalmi. Wa zai tsaya janyo ƙofa? Aikin ƙarfen nan ke nan, shi ne mai rufe ta a ranar da hankalin kowa ya tashi. Idan babu shi, ƙofar minti 30 ta zama ta minti sifili, hayaƙin gidanka ya cika hanyar da na hawa na shida da na bakwai za su bi. Haka kuma idan maƙwabcinka ne ya cire nasa, ku ne za ku sha.

Amma ga abin da nake so ka lura da shi: ƙarfe mai lafiya ba ya buga ƙofa. Mai ne a cikinsa, shi ke rage mata gudu. Akwai 'yan sukurori biyu a jikinsa, ɗaya na saurin tafiyarta, ɗaya na ɗan ƙarshen nan da take shiga makulli. Idan tana fizgowa garam, ko dai saitin ya kwance ko man ya tsiyaye. Shafa ƙasansa da yatsa, ka duba jikin ƙofar ko akwai zirin maiƙo. Idan akwai, ya mutu, canji yake so. Ke nan lalatacce ne ya ji wa Amira ciwo, kuma gyaransa ba naka ba ne. Kada ma ka sa sukundireba, in ka kwance sukurun ya wuce kima man zai zube a ce kai ka ɓata. Ka rubuta wa ejan ɗin mai gida yau, ka sa masu kula da ginin a ciki, da hoton yatsan da takardar asibiti. A rubuce, ba a waya ba. Ka kuma roƙi a sa mata abin kare yatsu, wata roba ce doguwa da ake liƙawa a gefen hinji, irin ta makarantun yara, amma su zaɓo wadda ta dace da irin wannan ƙofa.

Maganar dubawa kuma doka ce, ba shisshigi ba. Tun 23 ga Janairun 2023, a Ingila duk ginin zama mai gidaje da yawa da tsayinsa ya wuce mita 11, dole mai kula da shi ya duba ƙofofin tare gobara na hanyoyin gama-gari duk wata uku, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa ya duba ƙofar shiga kowane gida sau ɗaya a shekara. Bene mai hawa bakwai ya wuce haka nesa. Ka buɗe musu, ribarka ce.

Hajiya Babba, Landan:
Ɗana, ka ji maganar Injiniya. Ni ina garin nan aka yi gobarar dogon benen Grenfell, 14 ga Yunin 2017, cikin azumi. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ta tashi, daga firji a wani gida a hawa na huɗu. Musulmi da yawa ba su kwanta ba saboda sahur, su suka riƙa buga wa mutane ƙofa. Mutum 72 suka rasu, da yara da tsofaffi, wasu iyali guda. Rufin da aka lulluɓe jikin ginin da shi ne ya kai wutar sama, wannan kowa ya sani. Amma binciken da aka yi ya nuna ƙofofi da yawa abin da ke rufe su ya lalace ko ma babu shi, mutane suka gudu suka bar su a buɗe, hayaƙi ya cika hanya. Kuma da aka gwada irin ƙofar da aka ce ta minti 30 ce, wajen minti 15 ta yi. Daga nan duk takardun nan da ake zura muku suka samo asali. Har yau in na wuce ta wajen sai gabana ya faɗi. Ka ba ni lambar matarka ta bayan fage, ni zan yi mata magana, mace ta fi jin ta mace.

Ɗan Zazzau:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hajiya na ji, na janye. Amma Injiniya ka faɗi gaskiya, mace da keken jariri a hannu ɗaya, ledojin cefane a ɗaya, ƙofa na turo ta, ya za ta yi? Ai dole ta tokare.

Injiniya, Landan:
Ta tare da ƙafa ko da jikinta har ta shige, tana nan a wurin, babu laifi. Abin da ake hanawa shi ne a cusa takalmi ko katako a tafi a bar ta. Akwai kuma irin ƙarfen da ke ɗan jinkirtawa kafin ya fara janyowa, ana iya tambaya ko za su sa shi tunda akwai ƙananan yara. A ofisoshi da asibitoci za ka ga ƙofofin a buɗe, amma maganaɗisu ne ke riƙe da su, da ƙararrawa ta kaɗa sai ya sake su su rufe. Wannan ba na ƙofar shiga gida ba ne.

Na manta ban taɓo batun sakata ba. Baban Amira, kada ka huda ƙofar nan. An gwada ta ne da firam ɗinta da hinjinta guda uku da makullinta, duka a haɗe. Kowane rami da ka ƙara hanya ce ta wuta, kuma za su iya cire kuɗin sabuwar ƙofa daga kuɗin ajiyar da ka bayar lokacin kama haya. Ƙofar ƙarfe ta waje kuwa ba za su yarda ba, 'yan kwana-kwana ma suna hanawa, don sai sun yanka ta kafin su kai gare ku. Abin da ake so shi ne makullin da ake murɗawa da hannu daga ciki ba tare da neman ɗan mabuɗi ba. Idan uwargida na son sarƙa ko madubin leƙe, a nemi izini su sa wanda aka amince da shi.

Kafin su zo kai ma kana iya dubawa. Ka bi gefen ƙofar ko cikin firam, za ka ga wani siririn zare a kwance cikin katakon, wani da ɗan gashi kamar buroshi. Zaren nan idan ya ji zafin wuta kumbura yake yi ya toshe tsagar, gashin kuma na hayaƙi ne. Kada ya zama ya ɓalle ko ya yanke. Tsagar da ke tsakanin ƙofa da firam a sama da gefe kada ta wuce milimita 4. Ɗauki tsabar fam ɗaya ka zura, kaurinta kusan milimita 3 ne, in tana lilo a ciki tsagar ta yi faɗi. Sai ka buɗe ƙofar kaɗan, kamar tafin hannu, ka saki. Dole ta rufe da kanta har makulli ya ce ƙas.

Magini, Kaduna:
Ni ina gida amma ina biye da ku. Abin da ya ja hankalina shi ne ƙofar ƙarfen da uwargida ke nema. Mu nan duk wanda na yi wa gini ƙofar Turkiyya ko ta China yake tambaya, mai kauri, mai makulli da yawa. Ɓarawo muke tunani, ba wuta ba. Mutane na ɗauka tunda ƙarfe ne ba ya ci, shi ke nan. Alhali ƙarfen da ba a yi shi don gobara ba zafi yake ɗauka, ya lanƙwashe, ya cije a firam, ga bagila a kowace taga, ga mabuɗi a ƙarƙashin filo. An tsare ɓarawo an kuma tsare kai. A filazoji kuma ƙofar baya ta gudun tsira kwaɗo ake garƙama mata, a jibge kwalaye a bayanta, batiran inbata a ƙarƙashin matakala. Muna da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma tsawon shekarun da na yi ina aiki ban taɓa ganin wanda ya zo ya auna tsagar ƙofa ba. Ni dai yanzu ko mai gini bai tambaya ba, sai na sa bagila guda mai buɗewa daga ciki a kowane ɓangare. Ku da ake bin ku har gida a duba muku kyauta, wallahi ku gode wa Allah.

Maman Walid, Leeds:
Wani abu kuma, tunda ƙannenmu da yawa suna aikin kai abinci: kada a riƙa cajin batirin keke a bayan ƙofar shiga ko a korido. In ya kama, a kan hanyar fita ya kama.

Baban Amira, Manchester:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ga yadda aka yi. A daren na shafa ƙarfen kamar yadda Injiniya ya ce, yatsana ya fito da baƙin mai, ashe zirin da ke jikin ƙofar da muke ɗauka datti ne shi ne. Na aika saƙo da hotuna. Ejan ya yi shiru kwana huɗu, sai da na sake turawa na ambaci ranar da za a zo dubawa, sannan ya turo mutum. An sa sabo, yanzu a hankali take tafiya sai ta zo ƙarshe ta ce ƙas, Amira ma tsayawa take tana kallo. Mai gyaran ya gano zaren sama ya ɓalle kusan taƙi guda, da wani tsohon ramin makulli da wanda ya zauna kafin mu ya toshe da takarda ya shafe da fenti. Ya rubuta, ya ce wataƙila a canza ƙofar gaba ɗaya. Robar kare yatsu kuma sun ce sai wata mai zuwa.

Hajiya, kiranki ya yi aiki, an bar maganar ƙofar ƙarfe, an koma kan sarƙa. Injiniya, saura tambaya ɗaya: ƙofar kicin ɗinmu ma nauyi gare ta kuma tana da zaren nan, amma babu ƙarfe a samanta. Haka ake yinta ko ita ma wani ya kwance?

Injiniya, Landan:
Duba samanta da firam, in ka ga ramukan sukurori to an cire ne. Duba gefen hinji ma, wani abin rufe ƙofar sarƙa ce ƙarama a ɓoye cikin katakon. In babu ko ɗaya ba mamaki haka aka yi ta, ƙofofin cikin gida ba kullum ake sa musu ba. Ku dai riƙa rufe ta kafin ku kwanta, kuma ka nuna wa mai dubawa ranar da ya zo.